Ruwa Ba Ya Tsami Banza: In Kyanwa Ta Fara Ɓata Ɗaki

Yau maganar kyanwa za mu yi. Na san wani zai ce duk matsalolin da ke damun ɗan kasuwa a ƙasar mutane, sai mage? To, duk wanda ya taɓa kwance dilar atamfa zarnin fitsarin muzuru ya buge shi, ko uwargidan da ta ɗauko sallaya da asuba ta tarar an ɓata ta, ba za su yi wannan tambayar ba.

A gida ba mu cika sanin wannan matsala ba. Tsakar gida ƙasa ce, ga rairayi a bayan katanga, kyanwa ta tona, ta yi, ta binne, babu wanda ya koya mata. A Kumasi, Duwala ko Kwatano kuwa, yawancinmu a ɗakin haya muke, ko'ina siminti ko tayil, wasu ma a saman bene. Mun kawo ta don ɓera, mun rufe ta a ɗaki ko a sito. Tunda mu muka rufe ta, haƙƙinta yana wuyanmu, kuma duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Ga kuma batun tsarki: a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kyanwa ba najasa ba ne, amma fitsarinta da kashinta najasa ne.

Ni a ganina, kyanwar da ta bar wurin bahayarta ta koma kan tabarma ba mugunta take yi ba, akwai dalili. Duka ko goga mata hanci a ƙazantar tsoro kawai zai ƙara mata, ta koma yi a ƙarƙashin gado.

Abu na farko, a duba lafiyarta. In tana yawan tsugunawa fitsarin bai wuce ɗigo ba, ko tana kuka, ko an ga jini, sai likitan dabbobi. Muzuru ya fi shiga haɗari, don mafitsararsa kan toshe gaba ɗaya, kuma hakan na iya kashe shi cikin kwana 2 zuwa 3. Don Allah kar a ba ta farasitamol, guba ne ga kyanwa ko da ɓarin ƙwaya ne.

Na biyu, wurin kansa. Ba sai an sayi na kanti ba, babbar roba mai faɗi ta wadatar, wadda tsawonta ya kai tsawon jikin kyanwar da rabi, don ta iya juyawa ta tona. A zuba yashi mai laushi, zurfin santimita 5, kamar yatsu uku ke nan. Yashin gini yana yi, amma a tankaɗe shi, a shanya ya bushe sosai. Mutanen garuruwan bakin teku, inda ruwan sama da laima suka yi yawa, ku riƙa ajiye busasshe a buhu, don kyanwa ba ta son taka jiƙaƙƙen yashi. Mai halin sayen na kanti, irin wanda ke dunƙulewa in fitsari ya taɓa shi, ya zaɓi marar turare, kuma kar a zuba shi a masai mai ruwa, toshe bututu yake yi, a ja wa kai rigima da mai gidan haya.

In kyanwa biyu ce, roba uku ake so, kowace da tata, da ƙarin ɗaya. In ɗaki ya yi kaɗan, aƙalla kowace ta samu tata. A ajiye a lungu mai shiru, nesa da kwanon abincinta da ruwanta, nesa da janareta da wurin guje-gujen yara. Masu rufe ta a shago da dare, ku tabbatar babu ƙofa ko buhun da ya tare mata hanya.

Na uku, tsafta. A kwashe kashi da jiƙaƙƙen yashi kullum, safe da yamma in da hali. Duk mako a zubar da yashin, a wanke robar da sabulu da ruwan zafi. A guji maganin wanke bayi irin wanda ke mayar da ruwa fari kamar madara, yana cutar da kyanwa. Inda ta riga ta ɓata, a tsane da tsumma, a wanke da ruwa sosai, a goga ruwan kal, don muddin tana jin warin za ta koma.

Maigida, ga naka: in uwargida tana da juna biyu, wannan aiki ba nata ba ne. Kashin kyanwa na iya ɗauke da ƙwayar cutar da likitoci ke kira tokzoplazma, wadda ke illa ga ɗan tayi. Ƙwayar ba ta fara kama mutum sai kashin ya yi kwana 1 zuwa 5, shi ya sa kwashewar kullum take kariya. Wanda ya kwashe ya wanke hannu da sabulu, kuma a hana mai rarrafe zuwa wurin.

Saura muzurun da ke tsayawa, ya ɗaga wutsiya, ya fesa fitsari a bango ko jikin buhu. Wannan alama yake sa wa cewa nan yankinsa ne, kuma yakan fara ne in ya balaga, wajen wata 6. Fiɗiya a wurin likitan dabbobi tana rage wannan hali ƙwarai. Mai jin nauyin hakan a zuciyarsa ya tambayi malaminsa tukuna.

Kafin a ce za a sa ta a buhu a kai ta bayan gari, a gwada waɗannan na mako biyu. Kuɗin roba da yashi bai kai na turmin atamfa ɗaya da zarni ya lalata ba. Allah ya ba da kasuwa, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.