Harshen Kwamfuta Ƙirar Gida: Yaushe Ne Za A Amince Da Shi?

Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta kuma jin Turanci. Iyakar abin da ta sani shi ne jerin sifili da ɗaya. Don haka duk umarnin da mai tsara manhaja ya rubuta sai ya bi ta hannun wata manhaja ta musamman wadda ke juya shi zuwa abin da na'urar za ta iya aiwatarwa. Wannan manhaja ita ce tafinta. Harshen da ake rubuta umarnin da shi kuwa mutum ne ke ƙirƙiro shi, sau da yawa ma mutum ɗaya tak, a ɗakinsa, don sha'awa kurum.

Wannan sha'awa ta iso Afirka. A 2018 aka fitar da Yorlang, mai amfani da kalmomin Yarbanci. A Tanzaniya akwai Nuru na Swahili. Akwai kuma Hapy, wanda ya fara a matsayin aikin kammala digiri, yana karɓar umarni da kalmomin Hausa ya mayar da su Python. Duka ana samun su kyauta a intanet. To, malamin kwamfuta a wata sakandare ta Dutsin-Ma ko Kurfi, ya kai wa ɗalibansa irin wannan harshe ne, ko ya kau da kai?

Masu cewa wasan yara ne suna mantawa da tarihi. Guido van Rossum ya soma Python ne lokacin hutun Kirsimeti na 1989 don ya sami abin yi, ya sake shi ga jama'a a 1991. Lua kuwa masana uku ne suka tsara shi a 1993 a wata jami'a da ke birnin Riyo na ƙasar Barazil, ƙasar da ta daɗe tana taƙaita shigo da kayan kwamfuta daga waje. Yau ana amfani da shi a wasannin kwamfuta da yawa. Ƙaramin mafari ba aibi ba ne.

Amma fa a lura, abin da ya ɗaga Python da Lua ba hazaƙar masu su kaɗai ba ce. An buɗe asalin rubutunsu ga kowa, an rubuta littattafan bayani, an tanadi dubban gwaje-gwaje, sannan wasu mutane daban suka karɓi nauyin gyara. Harshen da mutum ɗaya ke riƙe da shi yakan mutu ranar da mai shi ya sami aiki ko ya gaji. Irin waɗannan gawawwaki sun cika intanet.

Maganar tafinta ta fi ta harshe nauyi. Wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali ta bakin tafinta ya san cewa makomarsa na hannun wanda ke fassarar. Idan tafintar kwamfuta ta yi kuskure, ɗalibi zai rubuta daidai amma ya ga amsa karkatacciya, ya kuma ɗora wa kansa laifi. Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera Unix, ya nuna a wata lacca da aka buga a 1984 cewa ana iya dasa wa tafinta mugun nufi ta yadda ko an karanta asalin rubutunta ba za a ga komai ba. Idan manyan tafintoci irin GCC, wadda ake ta tankaɗe da rairaya tun 1987, ba a yarda da su ido rufe, ina ga wadda aka gama jiya?

Ra'ayin da ya fi dacewa shi ne a raba aiki. Harshen ƙirar gida ya cancanci shiga aji a makonnin farko, domin yaron da ya ga "idan" da "maimaita" a allo zai kama ma'anar sharaɗi da zagaye ba tare da ya fara kokawa da Turanci ba. Sai dai kada a zuzuta amfanin. Keɓaɓɓun kalmomin Python 35 ne kacal, ɗan aji ɗaya zai haddace su a mako guda. Inda ɗalibi ke tuntuɓe shi ne saƙon kuskure da littafin bayani, kuma nan ne ya kamata masu ƙirar Hausa su zuba ƙarfinsu. Sakamakon jarrabawa da lissafin albashin malamai kuwa, ba a danƙa su ga tafintar da ba ta sha gwaji ba.

Kafin malami ya ɗauki irin wannan harshe, ya duba ko asalin rubutunsa a buɗe yake, da ranar da aka yi masa gyaran ƙarshe, da ko yana aiki ba tare da intanet ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a makarantar karkara.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna kusa da waɗannan makarantu. Maimakon kowane ɗalibin ajin ƙarshe ya ƙirƙiro sabon harshe wanda zai ƙare a kan kanta cikin kundi, gara a zaɓi guda ɗaya, wannan aji ya rubuta gwaje-gwaje, na bayansa ya fassara saƙonnin kuskure, ɗaliban koyarwa kuma su kai shi sakandaren Kurfi su dawo da rahoton inda yara suka cije.