Tsadar fulawa: Yadda gurasa da burodin unguwa ke ƙanƙancewa a Kano

A farkon watan Fabrairun 2024, mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a ƙaramar hukumar Dala da ke Kano, suna kokawa kan tsadar fulawa. Abu ne da ba a saba gani ba, domin sana'a ce ta cikin gida, ta bakin tanderu.

Tushen matsalar yana nesa da Kano. Mafi yawan alkamar da kamfanonin Najeriya ke niƙawa daga waje ake shigo da ita, da dalar Amurka. Da gwamnati ta saki naira a Yunin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafin fetur, sai farashin buhu ya yi tashin gwauron zabi.

Amma ba kowa ne ya ji jiki daidai ba. Babban gidan burodi yana sari da yawa, kuma idan ya ƙara kuɗi masu sayensa za su biya. Mai gurasa kuwa buhu ɗaya take ɗauka, sau da yawa bashi, sannan ga itace ga yis. Masu cinikinta 'yan dako ne da ɗalibai da mai tsiren bakin layi, waɗanda ƙarin naira hamsin kan kora. Shi ya sa take rage girman gurasar maimakon ƙara kuɗi. Haka ƙananan gidajen burodin da masu shayi suka dogara da su suke yi.

A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da dakatar da harajin shigo da alkama na kwana 150, sai dai sauƙin ta hannun manyan 'yan kasuwa ya fara bi. Alkamar rani ta Kadawa da Haɗeja kuwa har yanzu ba ta kusa cike giɓin ba.