Bindiga a hannu, kwaɗo a waya

Jama'a, akwai gardama biyu a Amurka da ake yawan haɗa su. Ta farko kan bindiga ce: gyara na biyu a kundin tsarin mulkinsu, na 1791, ya ba ɗan ƙasa damar riƙe makami. Ta biyu kan kulle saƙo ce, wato abin da ke sa ba mai iya karanta hirarka ta WhatsApp sai wanda ka tura wa.

Ba haka kawai ake haɗa su ba. Gwamnatin Amurka da kanta ta taɓa sa manhajar kulle saƙo a jerin kayan yaƙi. Da Phil Zimmermann ya saki manhajarsa PGP a 1991 ta bazu ƙasashen waje, sai aka shiga bincikensa kamar mai safarar makamai, ba a ƙyale shi ba sai 1996. A 2016 kuma hukumar FBI ta nemi kotu ta tilasta wa Apple ya taimaka a buɗe wayar maharin San Bernardino, inda aka kashe mutum 14. Apple ya ce atafau.

Hujjar masu kare duka biyun ɗaya ce: in an hana, mai gaskiya ne zai bi doka, ɓarawo ko a jikinsa.

Ni dai ban yarda abu ɗaya ba ne. Bindiga ana ganinta, kuma a kudu ganin kaɗai ya isa ya jawo wa baƙo ajali. Ba mu manta Uromi ba, watan Maris na 2025, mafarauta 16 a hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bindigar farauta aka gani a motarsu. Kwaɗon waya kuwa bai taɓa harbin kowa ba.

Kuma kusan kowa a kara da shi yake ciniki, ya sani ko bai sani ba. Baba ma da ba ya son waya, da saƙon murya yake gaya wa direba ranar lodi da inda za a biya kuɗi. Masu garkuwa su ma suna amfani da shi, wannan gaskiya ne, shi ya sa jami'an tsaro ke son a ba su mabuɗi na daban. To mabuɗin nan wa zai riƙe? In ya ɓace ko aka sayar, duk wanda ya same shi zai san ranar da tirelar shanu za ta taso, da hanyar da za ta bi, da nawa ne a hannun direba.