Kuɗin tikitin kasuwa da haƙƙin yara nakasassu

Kowace ranar kasuwa, tun kafin mai tumatir ta yi cinikin fari, mai tikiti ya riga ya tsaya a kanta. Mai rumfa yana biya, mai tebur yana biya, wanda ya kai akuya kara shi ma yana biya. Wannan kuɗi yana cikin manyan hanyoyin da ma'aikatar magajin gari ke samun abin aiki. Saboda haka ɗan kasuwa yana da bakin tambayar inda kuɗinsa ke tafiya. Tambayar da muke so ku riƙa yi ita ce: dala nawa ake ware wa yara nakasassu?

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa kashi 4,2 cikin 100 na ƴan Nijar suna da wata nakasa, wato sama da mutum dubu 700. A cikinsu akwai yara masu ɗimbin yawa: wanda sanƙarau ya toshe wa kunne, wanda shan inna ya shanye wa ƙafa, wanda ƙyanda ta taɓa wa ido, da wanda ya sha wuya wajen haihuwa har hankalinsa ke jinkirin kama karatu. Yawancinsu ba su lakwal. Wasu suna kulle cikin gida don iyaye na jin kunya, wasu kuma suna bakin kasuwa da ƙoƙon bara.

Ba doka ce muka rasa ba. Tun 1993 ƙasarmu ta yi dokar kare nakasassu. A 2008 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, a 2019 kuma aka sake yin sabuwar doka. Amma doka a takarda ba ta ɗaukar gurgu ta kai shi aji. Makarantun musamman ƴan kaɗan ne: ta makafi ta Soli Abdurahaman a Yamai, da na kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Ina uwar da ke Dakoro ko Tanut ko Madawa za ta kai ɗanta ɗan shekara 7? Hanya ɗaya ce ta rage: lakwal ɗin unguwa ta karɓe shi tare da sauran yara.

A nan ne aikin ya faɗo kan ma'aikatar magajin gari. A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani sashe na aikin ilimi da kiwon lafiya, har da gini da gyaran azuzuwan firamare. Gaskiya ne a watan Afrilun 2024 an rusa majalisun da aka zaɓa, aka naɗa waɗanda za su riƙe garuruwa a madadinsu. To amma karɓar tikiti bai tsaya ba, don haka nauyin ma bai sauka ba. Duk wanda ke kan kujera, ga abin da wannan jarida ke nema daga gare shi.

Na ɗaya, a ƙirga yaran. Masu unguwa da masu gari sun san kowane gida, ba sai an jira wata ƙungiya daga waje ba. Na biyu, a yi musu takardar haihuwa kyauta, domin rashinta na hana yaro zama jarrabawa. Na uku, kada a sake karɓar aji daga hannun ɗan kwangila sai yana da gangare a bakin ƙofa, da ƙofa mai faɗin da keken guragu zai shiga, da makewayin da yaro zai iya amfani da shi. Buhunan siminti ƙalilan ne idan an sa tun wajen gini. Na huɗu, a ɗauki nauyin horar da ko malami guda a kowace babbar lakwal, ya iya maganar kurame ko rubutun makafi. Na biyar, a tanadi kuɗin mota. Tun 2010 akwai asibitin yara na CURE a Yamai da ke gyara ƙafar da aka haifa a murɗe, amma iyaye da yawa kuɗin tafiya ke kayar da su. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wannan a rubuta shi ɓaro-ɓaro cikin kasafin kuɗin shekara, a liƙa inda kowa zai gani.

Ku ma ƴan kasuwa kuna da naku rabon. Mata sun fi kowa sanin wannan wahala, domin uwa ce ke barin tebur ta zauna jinya, jarinta na narkewa. Ƙungiyoyinku na ƴan kasuwa da na adashi suna da murya. Ranar da aka kira ku zancen ƙarin kuɗin rumfa, ku ɗora wannan magana a kan tebur. Sadaka abu ce mai kyau, amma dala biyar a ƙoƙo tana ƙarewa kafin azahar. Wanda ya ɗauki kurma ya koya masa ɗinki ko gyaran babur ya ba shi abin da zai ci har tsufa. Kada kuma a manta da yaro ɗan jagora, wanda lafiyarsa lau amma riƙon sandar mahaifinsa ya hana shi karatu.

Hausawa sun ce babu nakasasshe sai kasasshe. Kuma nakasa ba ta sallama kafin ta shiga gida: zazzaɓin dare guda ya isa. Mai biyan tikiti ya tambayi haƙƙinsa, mai karɓa kuma ya ji tsoron Allah. Allah ya sa mu dace, amin.