Sharhi: Shaidar Talaka a Kan Iskar da Yake Shaƙa



Duk wanda ya yi sammako daga Madobi a tsakiyar hunturu, ya nufi birni ta Panshekara da Sharaɗa, ya san cewa kafin ya hangi badalar Kano ƙirjinsa ya riga ya sha hazon da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ya sha hayaƙin manyan motoci, ya kuma sha warin masana'antun jima na Challawa. Maƙogwaronsa ne ya shaida masa haka, amma ba shi da mudun da zai auna wa hukuma, ita kuwa hukuma abin da ba a auna ba tamkar bai auku ba ne a wurinta.

To, masana sun ƙera mudun. Wata 'yar na'ura ce da ba ta fi tafin hannu ba, ana rataya ta a wuya kamar laya ko a maƙala ta a jaka; tana zuƙar iska ta wata 'yar kafa, ta haska ta, ta ƙirga ƙwayoyin ƙurar da ake kira PM2.5, waɗanda silin gashi ya ninka su kauri kusan sau 30, don haka suke wuce hanci su zarce huhu har su shiga jini. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada matsakaicinsu a yini ya haura maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska, bayan ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska tana ajalin mutum wajen miliyan 7 a shekara. A London, cikin 2019, yara 'yan firamare kimanin 250 sun goya irin waɗannan na'urori a jakunkunansu, aka gano cewa a hanyar makaranta suka fi shaƙar dauɗa, kuma masu bin lungu sun fi masu bin babban titi tsira. A Kampala kuwa, shirin AirQo na Jami'ar Makerere a kan baburan 'yan acaɓa ya ɗaura nasa.

Wani zai ce ina ruwan manomi da aikin masana. Sai mu tuna masa da al'amarin da ya fi wannan girma, wato tsayuwar watan Ramadan, wanda a mazhabarmu ta Malikiyya yake tabbata da ganin adalai biyu ko na jama'a masu yawa da ba zai yiwu su haɗu a kan ƙarya ba. Makiyayi a rugarsa yakan ga jinjirin wata, ya sanar da dagaci, labari ya bi ta hakimi da sarki har ya kai fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, a tantance, a yi shela, miliyoyi su tashi da azumi. Al'ummar da ta saba karɓar shaidar talaka a kan ibadarta, bai kamata a ce za ta yi mamakin karɓar shaidarsa a kan numfashinsa ba.

Sai dai wuyan wa za a rataya wa na'urar? Nan ne nake tsoron a yi tuya a manta da albasa. In aka raba ta ga ɗaliban jami'a da ma'aikata masu manyan wayoyi kaɗai, za a auna iskar unguwar Nasarawa ne a kira ta iskar Kano. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, ruwa ya bi magudanai ya raya Kadawa da Kura da Bunkure, sana'o'i suka biyo shi, kowace da hayaƙinta. Ku dubi matar da ke turara shinkafa a cikin gida a Kura: rabin ganga a kan murhu, ɗanyen itace da buntu suna ci a ƙasa, tana sunkuye tana kwasa da ƙwarya, idanunta jawur, goyonta yana tari a bayanta tun hantsi har la'asar. Na'urar da aka kafa a rufin ofis ba za ta taɓa jin labarinta ba, kuma namiji ba zai shiga ya rataya mata ba; sai mace 'yar'uwarta, da yardar maigida. Haka yaron da ke goye da famfon feshi a gonar tumatir, ba takunkumi ba safar hannu. Shi ma'aunin ƙura ba ya ganin gubarsa, amma akwai wani awarwaron roba mai tsotse magani, wanda aka taɓa gwadawa a hannun manoman Senegal, a kai shi ɗakin bincike a karanta abin da jiki ya haɗu da shi.

Akwai kuma batun amana, wadda ita ce ginshiƙi. Kanawa ba su manta gwajin maganin da aka yi a kan yaransu lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma zargin da ya haifar yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Na'urar da ke rubuta duk inda mutum ya taka, wajibi ne a bayyana masa da Hausa abin da take ɗauka da wanda zai gani, a nemi izininsa, a ba shi ladan wahalarsa, sa'an nan, wanda shi ne aka fi saɓawa, a komo masa da sakamako, a rediyo ko a ƙofar masallaci ko a makarantar Islamiyya ta mata, cikin boko da ajami, har mai turara ta fahimci ko ɗaga murhu da fitar da shi fili zai rage mata tari.

Saboda haka muna kira ga Jami'ar Bayero da ma'aikatar muhalli ta jiha da ƙungiyoyin manoman rani, in za a fara wannan aiki, a fara shi kafin hunturu mai zuwa, kuma a fara rataya na'urar a wuyan masu turara shinkafa.