Talla Ce Ta Cuci Adventureland

Akwai wata ɗabi'a ta 'yan kallo da ta daɗe tana damuna: mutum ya ga tallar minti biyu, shi ke nan ya yanke wa fim hukunci tun bai zauna a sinima ba.

Haka aka yi wa Adventureland na Greg Mottola a Amurka a 2009. Kamfanin Miramax ya tallata shi da sunan Superbad, fim ɗin barkwancin da Mottola ya yi a 2007. Matasa suka shiga neman dariya, wasu suka fito suna tsaki.

Alhali labarin James ne, wanda Jesse Eisenberg ya fito a matsayinsa. Ya gama digiri a 1987 yana shirin zuwa Turai, sai aka rage wa mahaifinsa matsayi a wurin aiki. Dole ya kama aikin hutun bazara a filin wasan lilo a Pittsburgh, yana tsaron rumfar da aka hana shi barin kowa ya ci babbar kyauta. Duk mai digirin da ya taɓa yin aikin "a dai samu na sabulu" ya san wannan zafi.

Don Allah mu riƙa yi wa fim haƙuri har ƙarshe. Mai talla kuɗin tikitinka kawai yake nema.