Kisa a taku biyu: kar ka yi saurin danna maɓallin taimako

Tun da Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana buga ces a dandalin Times Square na New York a Afrilun 2024, wasan ya ƙara shiga wayoyin matasa, har a nan Karaye da Rogo. Yawanci daga wasa ƙwaƙwalwa ake farawa. Manhaja ta jera maka 'ya'yan wasa ta ce farare ne da taku, ƙure sarki a taku biyu. Sai mutum ya raina abin, ya gwada sau biyu ya faɗi, ya danna maɓallin taimako. A ganina wannan maɓallin ne ke cinye duk amfanin wasan.

Ɗauki allo ka jera wannan, wanda ake jingina wa Paul Morphy ɗan Amurka tun yana yaro. Farare: sarki a c8, hasumiya a a1, soja a b6. Baƙaƙe: sarki a a8, bishof a b8, sojoji a a7 da b7. 'Ya'ya bakwai kacal. Hannu zai so ya cinye sojan a7 da hasumiya, tunda hakan barazana ce ga sarki, amma bishof zai cinye ta, shi kenan. Amsar ita ce ka kai hasumiya a6, inda ba ta ci komai ba, kuma soja zai iya cinye ta a banza. In ya ci, sojanka ya taka b7, sarki ya ƙure. In bishof ya motsa, hasumiya ta ci a7, sarki ya ƙure. Sojan a7 kuwa ba shi da gaba, an toshe masa hanya, kuma ba zai ci b6 ba don zai buɗe sarkinsa. Baƙi bai da takun da ba zai kashe shi ba, kuma doka ba ta yarda ya ce ya yafe takunsa ba.

Kisa mai taku biyar sau da yawa ya fi wannan sauƙi, domin barazana ce kan barazana, abokin karawa na da amsa ɗaya tak a kowane mataki, kai dai bin layi kake. A gajeren kisa irin na Morphy takun farko shiru ne, kuma dole ka duba duk amsar da baƙi zai iya bayarwa.

Mu masu rubuta manhaja mun san lissafin. In a kowane matsayi akwai taku kusan 30, kisa a taku biyu yana nufin naka, nasa, naka: 30 sau 30 sau 30, wato hanyoyi 27,000. Stockfish da ke cikin wayarka zai gama su kafin ka ƙifta ido. Kai ba za ka iya ba, sai ka zubar da mafi yawansu ba tare da ka duba ba, kuma wanda ya tsara wasan ya san waɗanda za ka zubar. A cikinsu yake ɓoye amsar.

Dattawan da ke buga dara a gindin bishiya, da ramuka 30 da 'ya'ya 12 kowanne, ba za su yi mamakin wannan ba. Gwani ba ya rawar jikin jera uku ya ci ɗa ɗaya, yakan yi takun da yaro zai ɗauka ɓata lokaci ne, can sai ka ga abokin wasa duk inda ya taɓa asara ce.

Na san masu son Puzzle Rush na Chess.com za su ce gudu da agogo ma yana koyarwa. Gaskiya ne, yana saba wa ido da siffofin kisa da ke maimaituwa. Amma ido yake horarwa ya fara neman barazana da ci, kuma tarkon da ke cikin wasan Morphy ke nan. Haka matsalolin Lichess, waɗanda kwamfuta ke tsamowa daga wasannin da mutane suka buga, yawancinsu da ƙarfi ake warware su. Duk da haka Lichess nake ba wa mutane shawara: kyauta ce, ba talla, tun 2010 da Thibault Duplessis ɗan Faransa ya kafa ta, kuma manhajar tana ajiye matsaloli a waya, abin da zai yi wa wanda ke ƙauyen da sabis ke yawan ɗaukewa daɗi.

Sai dai ka canja yadda kake amfani da ita. Zaɓi rukunin kisa a taku biyu, ba agogo. Kafin ka taɓa komai, duba gidajen da ke kewaye da sarkin baƙi ka ga wanne ne a buɗe. Sannan ka tambayi kanka, da baƙi ne zai taka yanzu, me zai iya? In minti goma suka wuce ba ka gani ba, ajiye wayar ka dawo bayan la'asar.